Karen Mota Mai Farar Riga

Tun ina ƙauye na yanke wa kaina hukuncin cewa ba a halicce ni don zama wuri ɗaya ba. Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a 'yar tashar garinmu, gabas da Kano, sai na bi shi da tambaya har ya gaji ya kore ni. Na gaya wa samarin unguwarmu kaf cewa sai na ga teku da idona, har da alkawarin zan kawo musu ruwanta a kwalba. Boko kuwa aji biyu na yi, na biyun ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi.

Da aka gama girbi na matsa wa Baba ya bar ni in tafi wurin yayana, wanda ke aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Baba ya yarda, amma da sharaɗi: in ruwan fari ya sauka ban sami aiki ba, in dawo in ɗauki fartanya, kuma kada ya sake jin maganar birni a bakina. Baba ba ya maimaita magana.

A shekarun nan kamfanoni na tashe. Jiniya na kaɗawa da safe sai ka ga kekuna sun cika hanya, masu fita da masu shiga, kowa da ƙullin abincinsa. Yaya ya yi mini magana a wurinsu, aka ce in jira sai wani ya bari. Ba wanda ya bari. Ban yi wani baƙin ciki ba, don warin fatar da yake dawowa da shi ɗakinmu ko sabulu ya haƙura da shi. Sai na shiga sahun masu tsayuwa a bakin get. Yau Sharada, gobe Challawa, jibi in taka har Bompai. Heluma, wato shugaban leburori, zai fito ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, tambayarsa kuma ba ta canzawa.

"Kai, a ina ka taɓa aiki?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To me ka iya?"

"Komai."

"Mai komai, matsa gefe."

Haka na yi ta matsawa gefe har na san gefen kowane kamfani a Kano. Ba a ɗaukarka sai ka taɓa aiki, ba ka taɓa aiki sai an ɗauke ka. Na kai wa Yaya wannan lissafi, ya ce in da na yi amfani da kaina haka a makaranta da yanzu ni ke tambayar mutane.

Zafi ya fara tsananta, mangwaro ya nuna, kowa ya san abin da ke biye. Ran nan na gaji da tsayuwa a gaban wani kamfanin alewa a Bompai, na zagaya baya neman inuwa. A can na tarar da wani get ɗin, inda manyan motoci ke lodi, da wani dattijo mai gadi, mutumin Damagaram, yana dafa shayi a 'yar buta. Na gaishe shi, ya miƙo mini kofi, kafin in shanye na gama zazzage masa tarihina har da maganar teku.

Ya ce, "Ɗana, get ɗin gaba na masu takarda ne da masu ɗan'uwa a ciki. Kana da ɗaya?"

Na ce, "Baba, ɗan'uwan nawa ma a Challawa yake."

"To ka daina zuwa can. Ka ga katan-katan ɗin nan? In mota ta ja baya, ka sa hannu. Kada ka tambayi kowa, kada ka nemi ko ƙwandala. Direbobi ba sa tambayar inda ka taɓa aiki, da idonsu suke gani. Kuma ka daina cewa ka iya komai, ko ni tsoro ka ba ni."

Na bi maganarsa. Kullum da safe ina nan, ina ɗauka ina miƙawa. Masu lodi suka fara yi mini kallon mahaukaci, daga baya suka fara kirana in riƙe musu igiyar tamfol, daga baya kuma suka fara sa ni a kwanon abincinsu. Ni kuwa idona na kan wata doguwar mota mai bodin katako da ke kai kaya Maiduguri. Direbanta wani kakkauran mutum ne mai tsagen gemu, bakinsa ba ya rabuwa da goro. Yaron motarsa ya sami lasin ya tafi, na ji ana faɗa.

Wata Laraba ya yafito ni da hannu. Ya nuna mini wani guntun katako mai kauri da mariƙi.

"Ka san wannan?"

Bakina ya so ya ce eh, na kama shi. "Ban sani ba, Maigida."

"Weji ke nan. In na tsaya, ko ina ne, kafin in ɗaga ƙafata daga birki ka dira ka sa shi ƙarƙashin taya. Aikin karen mota ke nan na farko. Sauran zan koya maka in ka kai. Gobe da sassafe. Tafiyar gwaji ce, ban ce na ɗauke ka ba."

A garinmu matafiyi ba ya fita da yunwa, kuma ba ya fita da tsumma. In mutum zai yi nisa, rigarsa ta salla yake sawa, don kada a raina gidansu a hanya. Saboda haka na fito da farar rigata da aka ɗinka mini da kuɗin gyaɗa, na kafa hula. Yaya ya riga ya tafi aiki, da ya hana ni. Na tsaya wurin mai ƙosai na cika ciki, na bi da kunu, na ga mai fura ta fito da wuri na ce ita ma kada in ɓata mata rai.

Da na iso, masu lodi suka ajiye abin da ke hannunsu.

Ɗaya ya ce, "Maigida, ka ɗauko liman ne?"

Direban ya dube ni daga hula har takalmi, ya tofar da goro. "Ɗaurin aure za mu, ko Maiduguri?"

Baba mai gadi bai yi dariya ba, kai kawai ya girgiza. Aka miƙo mini wejina, na hau can saman kaya, inda karen mota ke zama.

Abin da ban sani ba game da kaina shi ne, ni jirgin ƙasa kawai na taɓa shiga. Jirgi tafiyarsa a miƙe take. Mota kuwa, musamman daga sama, lilo take yi da mutum. Ga hayaƙin gas yana tasowa, ga rana ta bugi tamfol, ƙamshin alewa mai minti yana fitowa da ɗumi daga ƙarƙashina. Kafin mu kai gadar Wudil na mayar wa hanya furarta. Ƙosan ya biyo baya. Bayan nan ban san abin da ya ci gaba da fitowa ba, don na tabbata ban ci shi ba. Iska kuma duk abin da na zubar sai ta dawo mini da rabona a kan farar riga.

Amma duk sanda na ji motar ta rage gudu, sai in tuna da fartanya. In lallaɓo ta jikin katako, in faɗo ƙasa, in ja jiki in cusa weji, sannan in koma gefen hanya in durƙusa. A kasuwannin da muka sauke kaya haka na yi ta ɗaukar katan. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta tambayi Maigida ko asibiti zai kai ni. Ya ce a'a, wannan teku za shi.

Ashe Baba mai gadi ya gaya masa.

A hanya Maigida ya gwada mini duk dabarar da ya sani. Ya ba ni lemon tsami in tsotsa. Ya ba ni goro. Ya ce in daina kallon ƙasa, in kalli nesa. Ya sauko da ni gidan gaba kusa da shi, ba a jima ba ya mayar da ni sama da sauri. Maiduguri dai na je ta, amma in aka ce in kwatanta ta, abin da na fi sani shi ne gindin wata bishiyar darbejiya da na kwanta.

Ranar da muka juyo, hadari ya haɗu a bayanmu, baƙi ƙirin daga gabas, yana bin mu kamar shi ma Kano za shi. Ina saman motar ina kallonsa, ina jin ƙamshin ƙasa daga nesa. Na san can gida an fara gyara iri. Na fara shirya abin da zan gaya wa samarin unguwarmu game da kwalbar nan.

Muka shiga Bompai da la'asar. Na dira na sa weji. Maigida ya fito ya miƙe, ya kira ni gefe, ga Baba mai gadi yana sauraro.

"Ba zan sake ɗaukarka doguwar hanya ba. In ka mutu a saman motata me zan gaya wa ubanka?"

Na ce, "Gaskiya ne, Maigida." Na zaro wejin daga ƙarƙashin taya na miƙa masa.

Bai karɓa ba. "Wa ya ce ka ba ni? Na yi yara masu lafiya ƙalau da sai na yi ta ƙwala musu kira kafin su sauko. Kai ko sau ɗaya ban kira ka ba." Ya juya ya nuna wata tsohuwar mota a ƙarshen layi. "Mai waccan abokina ne, shi ma ba shi da yaro. Sukari yake ɗaukowa daga sito a Sharada, ya kai katan Challawa, ya dawo nan. Kafin cikinka ya tuna da kansa kun isa. Na riga na yi masa magana tun kafin mu tashi, ko da za a yi haka."

"Tun kafin mu tashi?"

"Tun da na ga rigar."

A lokacin ne Baba mai gadi ya yi dariyar da ya riƙe tun ranar Alhamis.

Ruwan ya sauka muna tsaye a wurin. Washegari na sami mai zuwa garinmu na ce ya gaya wa Baba na sami aikin mota, ana tafiye-tafiye. Ban ce ya faɗi ko ina da ina ba. Na yi shekaru ina zagaya Bompai da Sharada da Challawa, har na san kowane rami da kowace mai abinci a hanyar, cikina kuma a hankali ya saba. Daga baya na hau doguwar hanya, na kuma riƙe sitiyari da kaina.

Yanzu in matasa suka zo suna ce mini ko'ina sai an tambaye su inda suka taɓa aiki, nakan ce su zagaya baya su ga abin da ake ɗauka, su sa hannu. In kuma aikin na tafiya ne, su karya da ruwan shayi kawai. Rigar nan Yaya ya wanke ta ya sake wankewa, daga ƙarshe muka yanka ta muka yi tsumman goge gilashin mota. Alewa mai minti kuwa har yau jikokina sun san ba a sha a kusa da ni.