Na Je Damagaram Neman Gonar Malam

Yaya za a yi mace ta ɓata a cikin gonar da ta tsufa tana nomawa? Har yau ban sami amsa ba. Rabi jikata, ke da kika iya rubutu, ki sa yadda na faɗa, kada ki sassauta.

Bayan rasuwar Malam, mai gidana, ina gama takaba 'yata ta ɗauko ni zuwa Garagumsa. Ashe tun ina cikin takabar ƙanensa Ila ya sayar da gonarmu ta bakin Damagaram, aka yanka ta filaye. Ba wanda ya tambaye ni. Bayan 'yan shekaru sai ga saƙon wata malamar jami'a, Madam Zuwaira, wai ita da ɗalibanta suna binciken yadda gari ke cinye gonaki, suna neman tsofaffin da za su nuna iyakokin da. Ni ba bincike ya tashe ni ba. So nake in tsaya gindin gawon da Malam ya raina tun yana tsiro, in yi masa addu'a.

Daga Garagumsa

Ana idar da sallar asuba na shiga Hiyas, ƙafafuna kan buhun wake. Direba ya waiwayo.

"Iya, asibiti za a je?"

"Gona za ni."

"A Damagaram? Sai dai ki shuka bulo, Iya!"

Mota ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba. A Takeita muka karya da ƙosai, jandarma ya karɓi katina ya maido ba tare da ya duba ba. Daga Tirmini na kafa ido a taga. Inda na san gero ke rufe mai doki, sai katanga bayan katanga, wasu ko rufi babu, da 'yan duwatsun siminti da ake kira born, an jera su kamar kaburburan yara.

Gidan Yaya Abu

Da hantsi kabu-kabu ya sauke ni gidan Yaya Abu, yayar Malam. Ta tuƙa mini tuwo da geron kasuwa. Mu da rumbunmu ke kai mu wata kaka, yau awo muke yi a tiya. Da la'asar Ila ya shigo yana murmushi, ya ɗauko wasan ƙanen miji.

"Matata, kin tsufa ba ki gaya mini ba!"

"Wasa ya ƙare tsakanina da kai, Ila."

Ya zauna. "Da ban sayar ba, da an yanka ta haka nan. Gari ya riga ya iso, kowa ya saki tasa."

"To ka zo ka faɗa mini mana! Ina cikin takaba, ban isa in fita ba, ka zaɓi lokacin. Ɗan'uwanka ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba."

Yaya Abu ta ce, "Haule, ki yi haƙuri." Na ce haƙurin ne ya kawo ni nan.

Bakin gari

Washegari Madam ta zo da mota da ɗalibai, kowa da waya a hannu. Na ce su sauke ni a dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe; daga shi, ka bi layin gamba, ka wuce suri, ga gawo. Muka isa, babu dutse. An farfasa shi, an tara tsakuwa tsibi-tsibi don gini. Babu gamba, babu suri. Na yi gabas, katanga. Na yi arewa, shagon caji. Na juya na juya har na rasa alƙibla. Na zauna a ƙasa, na yi kuka da murya, ina kiran Malam.

Wani ɗalibi ya matso da waya. "Iya, don Allah ki sake faɗin abin nan, ba ta ɗauka ba."

Na ce, "In sake kukan? Kai ɗan wa ne? Uwarka ce nan za ka ce ta maimaita?"

Madam ta ƙwace wayar ta kore shi gefe. Ta durƙusa kusa da ni, ta nuna mini a waya wani tsohon hoto da aka ɗauko daga sama. Ban gane komai ba sai da ta aza yatsa kan wani baƙin ɗigo. "Inna, ga dutsenki, ga itacen a kudu da shi." Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: waya ta san gonata, ni ban santa ba.

Muka bi wayar har ƙofar wani gida mai ƙyauren ƙarfe. Wata yarinya mai goyo ta buɗe, ta ji bayani, ta ce, "Wallahi Inna, fili muka saya fetal, ba mu tarar da itace ba. Shigo." An shafe tsakar gidan da siminti. Madam ta tako ta tsaya inda suke ajiye mota, ta ce, "Nan ne."

Yarinyar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na so ta zama mai rashin kunya in sami wanda zan zaga, ba ta zama ba. Na yi addu'ar a kan ɗigon baƙin mai. Na dafa ƙasa, ba ƙasa.

Madam ta ce za su kai bincikensu ga masu yanka filaye, don a riƙa barin gonaki da itatuwa. Na ce, "Ki gaya musu Haule ta ce, ranar da jikokinsu suka ji yunwa, su gutsiri katanga."

Komawa

Ban sake kwana ba. Kafin magariba ina Garagumsa. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Yaya Abu, da Madam, da yarinyar nan da ban tambayi sunanta ba. Ila kuwa, Allah ya isa.

Malam bai yi jinya ba. Da safe ya saɓa hauya, a hanya ya faɗi, aka maido mini shi a amalanke. Da zai fita, ya tsaya bakin zaure ya ce, "Haule, ki kawo mini fura gona. Kin san inda za ki same ni."