Ranar da Malam Ya Ɗauki Hoton Bango

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na unguwar Birikiteri a Yawunde, duk abin da na sani na unguwa da kunne na san shi. Ina zaune gaban tandar waina nake gane mai tura ruwa daga kukan tayarsa, na gane babur ɗin wane ne ya tsaya a bakin lungu, har tarin masu tsire idan hayaƙi ya juyo musu ina rarrabewa. Shi ya sa ranar da aka daki Malam, babu wanda ya zo ya gaya mini. Ni na ji da kaina.

Malam mijina ne, tela, mai aikin hannu a wuyan babbar riga. Mutumin Kano ne, kuma har yau Faransancinsa bai wuce gaisuwa da lissafi ba. Masu ba shi aiki da yawa ba a Yawunde suke ba, sai sun ga hoto kafin su ce a ɗinka musu irinsa. Wayarsa kuwa idan ta ɗauki aikin da ya yi sati uku a kai, sai zaren ya fito kamar an shafa man shanu a yadi. Abin yana ci masa rai. Wata Laraba ya dawo daga unguwar Mesa da kyamara biyu a jaka. Wani amininsa ɗan Garwa mai sayar da kayan gwanjo na Turai ne ya ba shi, ya ce ya je gida ya gwada kwana biyu, wadda ta kwanta masa ya riƙe, ɗayar ya mayar.

Ya shimfiɗa su a kan tabarma kamar an kawo lefe. Ɗaya ƙarama ce, ba ta kai tafin hannuna ba, tana shiga aljihu. Idan ka kunna ta sai idonta ya leƙo waje da wani ɗan kuka, ziii, in ta ɗauka kuma ta ce kyat. Ɗayar baƙa ce mai nauyi, da dogon baki da ake cirewa a sa wani. Ɗan Garwa ya ce masa sunanta ibrid, wai ba madubi a cikinta. Ita a ido ake kara ta, a murza bakin da hannu, kuma an saita ta yadda ko ta ɗauka ba ka jin komai.

"Hajiyata, wacce kika gani?" Haka yake kirana, ko da yake ban je ba tukuna.

"Ƙaramar mana. Waccan ai sai ka ce za ka harbi mutum."

"Ke dai ba ki san aiki ba. Zo ki ga zare."

Na leƙa. Gaskiya na ga zare. Kowane ɗinki a tsaye, har ɗan gashin da ke jikin alharini ana gani. Ƙaramar ma ta fi waya nesa ba kusa ba, amma ba ta kai wannan ba. Na ce duk da haka ni abin da ba ya magana ba na yarda da shi. Ya yi dariya ya ce ai na sami abin da ya fi ƙarfin kunnena.

Akwai wani hali na Malam da ya kamata na faɗa. Ba ya ɗaukar hoton mutum. Ya ce bai dace ka nuna wa bawan Allah ido na ƙarfe ba tare da izninsa ba, balle a lungu inda mata ke wanki a ƙofar gida. Saboda haka da gari ya waye ranar Alhamis, ruwa ya ɗauke, rana ta fito, ya ce zai zagaya ya gwada babbar a haske, bango kawai ya yi niyyar ɗauka. Bango da ƙofofi da kwano. Ya ce idan ta iya fito da tsagar siminti, za ta iya fito da ɗinki. Ya fita yadda yake fita kullum, tef ɗin awo a wuya, jan allin tela a aljihun gaba.

Lungun da ke bayan ɗakin girkinmu bango ɗaya ne ya raba mu, amma a ƙafa sai ka zagaya ta wajen masu yadi ka gangara. Mutanen can yawancinsu 'yan haya ne sababbin zuwa, Malam kuma ta sama yake bi zuwa shago, ba su san fuskarsa ba. Abin da suka sani shi ne abin da duk wanda ya daɗe a nan ya sani: kafin a rushe layi, wasu mutane ne ke fara zuwa. Su ɗauki hoton bango, su auna da tef, su zana jan kuros, alamar gicciye, a ƙofa su tafi. Bayan nan sai katafila. Da yawa a lungun nan an taɓa fito musu da katifa cikin ruwan sama. Kuma a satin nan ana ta raɗe-raɗin masu rusau za su dawo. Ni na ji raɗe-raɗin, don mata suna yi a gaban tandata. Ban kawo shi a raina ba lokacin da Malam ke sa takalmi. Wannan har yau yana damuna.

Ina juya waina na ji hayaniya ta bayan bango. Da farko muryar namiji ce da Faransanci, tana tambaya, tana maimaitawa. Sai wata ta ce da Hausa, "Wa ya aiko ka?" Sai na ji ƙarar da ban taɓa mantawa ba, ƙarar katako a bayan mutum. Ba ta kama da komai. Tana da nauyi, kuma numfashi ne ke biyo ta. Aka sake. Aka sake. A tsakanin na uku da na huɗu na ji wata murya a ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ku bi a hankali, amana ce." Na san wannan muryar ko a cikin kasuwar Mokolo.

Ban san lokacin da na ja mayafi ba. Tsinken ƙarfen da nake juya waina da shi yana hannuna, ban ajiye ba. Na bi ta wajen masu yadi da gudu, takalmi ɗaya ya maƙale a jar laka na bar shi.

Sun kai mutum ashirin. Malam yana ƙasa a bakin kwata, ya dunƙule kamar mai sujada, ya sa kyamarar a cikinsa ya rufe ta da jikinsa. Farar rigarsa ta koma ja, wani wuri laka, wani wuri ba laka ba. Wani ɗan babur yana zabga masa sarƙa a kafaɗa. Wani dattijo, mai furfura fa, yana riƙe da tef ɗin awon yana ɗaga wa mutane, a ɗaya hannun kuma jan allin.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ga abin awon, ga jan fentin. Me kuke jira?"

Wani ya ce, "Kuma namu ne. Bahaushe ne. An saye shi."

Wannan kalmar ce ta ƙara musu wuta. Wata mata ta jefo rabin bulo ya same shi a bayan kunne, na ga fatar ta buɗe fari kafin jini ya cika ta. Daga baya can wani ya ce a kawo taya. A hankali ya faɗa, kamar mai aiken a sayo gishiri, kuma na ji wani ya amsa.

Na kutsa. Wani ya ce mini da Faransanci in kauce, ya kai mini gwiwar hannu a baki, na ji haƙorina ya motsa, gishirin jini ya cika mini harshe. Ban tsaya ba. Lokacin da na iso, wani ƙato mai takalmin leburori ya gaji da jan kyamarar, ya ɗora ƙafa a kan hannun Malam na dama, wanda ya fito yana dafe da ƙasa. Ya danna da dukan nauyinsa. A cikin duk ihun nan na ji ƙas, ƙas, sau biyu, kamar an karya busasshen kara. Hannun da yake riƙe allura ke nan.

Na soka masa tsinken a ɗan maraƙin ƙafa. Ba zan ɓoye ba, da niyya na yi, kuma na tura har sai da na ji ya tsaya. Tsinken da zafinsa. Ya yi wata ƙara ya faɗi zaune cikin kwata, ni kuma na faɗa kan Malam na rufe shi. Sarƙar da aka ɗago domin shi a bayana ta sauka. Har yau idan hadari ya haɗu ina jin layinta.

"Mijina ne," na ce. "Tela ne. Alli ne na yadi, ku shafa ku gani."

Wata tsohuwa da ke sayen waina a wurina ta ce, "Wannan ai mai wainar sama ce." Amma dattijon ya ce to sai me, matar munafuki ba ta waina? Ɗan babur ɗin ya sa hannu ya fizge kyamarar, don Malam ya riga ya saki. Ya iya ta, ya danna wani wuri hotuna suka fito a bayanta, mutane suka taru a kansa. Bango. Ƙofa. Bango. Lambar gida. Kowane hoto ya wuce sai na ji gurnaninsu ya ƙaru. Ƙamshin fetur ya iso kafin na ga mai ɗauke da galan.

"Ci gaba da dannawa," na ce. "Don girman Allah koma baya, akwai riguna."

Ya danna. Bango. Kwano. Sai ga wuyan babbar riga, shuɗi, a rataye a ƙusa. Wani. Wani kuma. Gurnanin ya ragu, amma wani ya ce wannan ai rufa-ido ne. Ɗan babur ya sake dannawa, sai ya tsaya.

Ni ce. A tsakar gidana, ba ɗankwali, kitsona ya tsufa, zani a ƙirji, ina tankaɗe garin shinkafa ina dariya da baki buɗe, ban san da wa ba. Ban san an ɗauka ba. Ni da nake jin faɗuwar allura a ɗakin Malam, ban ji komai ba. Mutum ɗaya tak da ya yarda ya ɗauka a duniya, ga ta a hannun ɗan babur, maza sun kewaye suna kallo.

Shi ya fara sunkuyar da kai. Ya kife fuskar kyamarar a ƙirjinsa, ya dube ni a ƙasa da bakina na jini, ya miƙo mini da hannu biyu. Dattijon ya shafa allin a hannun rigarsa, ya hure, sai allin ya tashi. Mai galan ya juya kamar dama wucewa yake yi. Tsohuwar nan ce ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wa Malam kai, kuma ɗan babur ɗin da ya dake mu shi ya kai mu asibiti, ni a baya ina riƙe da Malam, hannunsa a kan cinyata, yatsu biyu suna kallon inda yatsu ba sa kallo.

An yi masa ɗinki a kai. Yatsun kuwa, manuni da na tsakiya, wani mai ɗori a unguwar Nkomkana ya ja su ya ɗaure da kara. A nan ne kawai na ji Malam ya yi kuka. Da muka dawo gida abin da ya fara tambaya shi ne ko bakin kyamarar ya fashe. Bai fashe ba. Ko ƙwarzane babu, sai laka a igiyar. Na ce masa da na san haka da ni na fasa ta.

Bayan kwana uku mai unguwa ya zo da mutanen lungun ƙasa ba da haƙuri, har da ƙaton yana ɗingishi. Malam ya ce ya yafe. Ƙaton ya dube ni yana jira, na ce masa ya riƙa wanke wurin da ruwan gishiri. Iyakar abin da na iya ke nan a ranar.

Ɗan Garwa ma ya zo dubiya. Hausarsa irin ta can ce, ni da Malam duk "kai" yake ce mana. Ya zauna ya yi ta salati, can ya ce, "To Malam, wanne ka riƙe? Ko duka in kwashe?"

Malam ya sa aka ajiye masa su a gaba. Ya daɗe yana kallon babbar. Na san yana son ta, na ga yadda ya kai hannun hagu ya shafa bakin. Sai ya dubi damansa a naɗe. Babbar tana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya murza.

"Bar mini mai kukan," ya ce. "Hajiya ce za ta riƙa ɗauka. Amma akwai hoto ɗaya a cikin waccan, ka wanko mini shi, sannan ka goge. Kar ka kalla."

"Ta yaya zan wanke ban kalla ba?"

"Ka rufe ido ɗaya."

Sai da damina ta wuce aka kwance karan. Manunin ya miƙe, na tsakiyan ya warke a karkace, har yau ba ya lanƙwasuwa sosai. Kwana da kwanaki yana zama da allura a gabansa ba ya taɓawa. Wata safiya ina soya waina na ji shiru a ɗakinsa ya yi yawa, sai kuma na ji wannan ɗan sautin, sut, na zare yana ratsa shadda. Tsakanin ɗaya da ɗaya akwai nisa, ba kamar da ba. Na sauke tanda, na ɗauko ƙaramar a cikin kwanon da nake ajiye ta, na tsaya a bakin ƙofa na kunna. Ta yi kukanta, ziii.

Bai ɗago ba. "Na ji ki," ya ce. "Matso kusa, daga nan zaren ba zai fito ba."