Ranar da karafan ɗin Kawu ya maƙale a unguwar Bani Harisa

Muna shiga lungun muka ji ƙiii, karafan ya gogi katanga hagu da dama, ya tsaya cak.

Farkon shekarun dubu biyu ne, muna zaune a ƙasar Larabawa. Kawuna ya sayi ɗakin nan mai taya, ya ɗaura wa jif ɗinsa za mu fita shan iska. Na ce, "Kawu, lungun nan ba zai ɗauke mu ba." Ya ce, "Uskut, yi min shiru. Tun ba a haife ka ba nake tuƙi."

Goggo matarsa na cikin karafan, ƙofa ta manne da bango, ba halin fita. Amma tagarta ta yi daidai da tagar gidan wata Hajiya, kuma 'yan Kano ne.

Maza suka taru ana "yamin, yasar", wato dama da hagu, Kawu na gumi. Da ƙyar muka fara ja da baya, sai muryar Goggo:

"Alhaji, dakata shuwayya, ɗan kaɗan. Ban shanye gahawar da Hajiya ta miƙo min ta taga ba, kuma muna maganar auren Bashir."

Ni ne Bashir. 'Yar Hajiyar nan ita ce uwar 'ya'yana yau.

Har gobe Kawu cewa yake da gangan ya yi. Ku da kuka san shi, kun yarda?