Ɓarar Gyaɗa da Karatun Ɗan Fari

Bazara ce, irin wadda tun da hantsi kaji ke buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Amma shekarar ba ta yi mana nauyi ba. Daminar da ta wuce ta yi albarka, gero da dawa sun cika rumbuna, gyaɗa ma ta yi 'ya'ya sosai. Saboda haka duk da zafin nan, mutanen ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir cikin raha suke, yau suna a gidan wannan, gobe biki a gidan wancan. Ni ma ina cikin masu dariya, sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, wato ɗana na fari.

A shekarar ne zai rubuta jarrabawar fita sakandare, wadda idan ya ci zai nemi shiga jami'a. Tun yana ƙarami yake cewa shi likitan dabbobi zai zama, kuma kowa a gidan ya san da haka, har awaki. Sai aka yi musu jarrabawar gwaji a makaranta, sakamako ya fito ba daɗi. Ya dawo gida, ya tattara littattafansa ya tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyu na ji yana gaya wa ƙannensa cewa shi ya gama da boko. Wai ɗan wan babansa da ke gyaran waya a Rijiyar Zaki, can cikin birni, ya ce ya zo ya koya masa sana'a, kuma zai zo ya tafi da shi ranar kasuwar ƙarshen wata. Da maganar ta kai kunnen Malam, mai gidana, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Idan karatun zai yi, ya yi. Idan ba zai yi ba, ga birni ga gona, ya zaɓa."

Abin da ya fi ƙona wa yaron rai shi ne ya yi karatun, ni shaida ce. Sai dai yadda ya tashi yana yi a makarantar allo haka yake yi wa na boko. Zai zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe littafin Turanci, yana rangaji yana maimaitawa da ƙarfi har ya haddace shafi sukutum. Kansa kuwa akwai riƙo, Allah ya ba shi. To masu jarrabawa ba su ce ya kawo hadda ba, juya tambayar suka yi ta wata fuska, shi kuma ya rasa ta inda zai kama.

Wata uwar sai ta kira ɗanta ɗaki ta zaunar da shi ta lallashe shi. Ni ba ni da wannan damar. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da lamarinsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi, a ɗakin kakarsa, mahaifiyar Malam, ya girma. Idan zan aike shi, ƙanwarsa nake gaya wa ta gaya masa, ko da kuwa yana tsaye a gabana. Ban taɓa jin wannan kunyar ta takura ni ba sai a bazarar nan.

Na gwada irin tawa dabarar. Wata safiya ina zuba wa akuya dusa, yana wucewa da buta, sai na ce da akuyar, "Wasu dai an ce jarrabawarsu ta matso."

Ya tsaya, ya dubi akuyar, ya ce, "Ki gaya musu wasu sun ji." Ya yi gaba abinsa.

Na yi dariya ni kaɗai, amma littattafai ba su fito ba.

Ni karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na shiga, da goyo a bayana. Ina karanta Hausa ina rubutawa, Turanci kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma akwai abin da malamarmu ta saba mana da shi. Ba ta yarda mace ta ce ta gane ba, sai ta juya ta gaya wa ta kusa da ita abin da ta gane, da bakinta, ba da kalmomin allo ba. Sau da yawa nakan ɗauka na gane, sai na buɗe baki in tarar babu komai a ciki. Na yi ta juya wannan a raina, har na ga cewa abin da yaron nan ya rasa ke nan. Ba shi da wanda zai gaya wa.

Sai na sami Inna, surukata, a ɗakinta. Na gaishe ta, na ɗan yi kewaye-kewaye, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Tsohuwar nan ba ta da abin da take so kamar tsokanar jikan nan nata, don haka tun kafin in rufe baki ta ce, "Bar ni da shi."

Lokacin ɓarar gyaɗar iri ne. Gyaɗar da za a shuka ba ma kai ta inji, don yana fasa ƙwaya, da hannu muke ɓarewa. Kullum bayan la'asar mukan baza tabarma a ƙarƙashin rumfa kusa da randa, maƙwabta biyu ko uku su shigo taya mu, a yi ta ɓara ana hira. A nan Inna ta tare shi ya zo shan ruwa.

"Kai, mai gidan nan nawa, zo nan. An ce an kayar da kai."

"Wa ya kayar da ni, tsohuwa? Gwaji ne fa."

"Gwajin ma ka sha ƙasa, ina ga na gasken? Ni dai ba na zama da mijin da aka kayar. Ga ƙaninka nan, wajensa zan koma."

"Ki koma mana, in huta da sayen goro."

"Goron da ban taɓa gani ba? To tsaya. Shekara da shekaru kana cinye mini tuwo kana tafiya makarantar nan. Kafin ka tafi birnin, gaya mini abu ɗaya da suka koya maka. Ruwan da ke hannunka, me ya sa na randa yake da sanyi, na jarka kuwa kamar an dafa?"

Ya gyara tsayuwa, don ya san wurin. Ya lumshe ido ya fara zubo Turanci da muryar tilawa, yana ɗan rangaji, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya kai aya, sai wata maƙwabciyarmu mai barkwanci ta ɗaga hannuwa ta shafa a fuska ta ce, "Amin, Malam." Rumfar nan ta kaure da dariya. Ni na sunkuyar da kai ina ɓara.

Inna ta ce, "Madalla da addu'a. To yanzu gaya mini da Hausa."

Ya ce, "Ai abin, wato, zafin ne yake..." Ya tsaya. "Akwai shi a littafi."

"Ni littafin na aura?"

Ya ajiye moɗa ya fice, ko waiwaye babu. Na ce a raina shi ke nan, na sa an kunyata shi a gaban mata, yanzu ko ranar kasuwar ba zai jira ba. Inna kuwa ko a jikinta, cewa ta yi in miƙo mata wani kwanon gyaɗar.

Ana gab da kiran magariba ina tankaɗe a bakin ɗakin girki, sai na ji ƙarar ana jan abu daga ƙarƙashin gado a ɗakin samari. Ban ɗaga kai ba, amma tankaɗen nan na yi shi da sauri kamar ana kiɗa mini.

Washegari bayan la'asar sai ga shi, ba wanda ya kira shi. Ya tsuguna a gindin randa ya shafa jikinta, ya nuna wa Inna tafin hannunsa.

"Tsohuwa, kin ga danshi? Randa gumi take yi, kamar ke idan kin sha kunu. Yumɓu yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan. Idan iska ta busar da shi, sai ya tafi da zafin da ke ciki. Jarka kuwa roba ce, ba ta da ƙofar gumi."

Inna ta dubi randar da ta fi shi shekaru. Ta ce, "To in haka ne ai ruwan raguwa zai riƙa yi."

"Yana raguwa mana."

"Ashe! Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka kai ke shanye mini."

Aka sake dariya, amma wannan karon har da shi. Na saci kallonsa. Fuskarsa ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba, ya koma yana sake bayanin ga maƙwabciyar da ta ce masa amin, wai ita ma sai ta maimaita.

Daga ranar abin ya zama kamar ƙa'ida. Da safe ya tafi makaranta, da rana ya shige ɗaki da littafi, ba rangaji, sai dai ka ji shi yana magana shi kaɗai da Hausa kamar mai ciniki. Bayan la'asar ya fito a yi ta fafatawa. Matan ma suka fara zuwa da nasu tambayoyin. Wata ta ce me ya sa fitila ke mutuwa idan an kife ta da kwano. Wata ta ce me ke sa cikin tunkiya ya kumbura idan ta ci ɗanyen ganye. Wanda ya sani ya faɗa, wanda bai sani ba Inna ta yi masa ature, gobe ya dawo da amsa. Wani lokacin ma sai ya zauna ya ja kwano yana taya mu ɓarar, yana bayani yana jefa ƙwaya a baki, Inna tana buge masa hannu tana cewa iri ne.

Ni kuwa ga aikina. Idan ya tafi makaranta sai in shiga in buɗe littafin da ya bari a kan tabarma. Turancin ya fi ƙarfina, amma akwai zane-zane. In duba inda ya tsaya, in wuce gaba kaɗan, in sami hoto, in je in kwatanta wa Inna. "Yau ki tambaye shi wani abu a cikin mutum, guda biyu, mai kama da wake." Haka muka bi da shi ta ƙoda, da zuciya, da saiwar shuka, da wani abu mai kama da gizo-gizo da har yau ban san ko mene ne ba.

Ranar da asirina ya tonu, Inna ce ta manta. Ta ce, "Yauwa, uwarka ta ce in tambaye ka wannan mai kamar lema, ko me ta ce ma?" Ta juyo gare ni. "Ke, lema kika ce ko malfa?"

Yaron bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na miƙe na ce bari in duba tukunya, alhali ko wuta ban hura ba. Ina daga ɗakin girki na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Lema ce. Naman kaza ne, wanda ke tsirowa a juji da damina." Ya ci gaba da bayani, muryarsa ta ɗan fi ta kullum ƙarfi, yadda za ta kai inda nake.

Ranar kasuwar ƙarshen wata ɗan wan babansa ya iso a kan babur, da tabarau da waya biyu a hannu. Yaro ne mai kirki, ya gaishe mu har ƙasa. Na dama masa fura ya sha. Suka fita zaure su biyu suka daɗe, ni kuma na kasa zama na kasa tsayuwa, na share tsakar gidan da na riga na share. Can na ji babur ya tashi. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina sauraron ƙararsa har ta ɓace.

Sai ga yaron ya shigo shi kaɗai. Ya wuce ni ya je ya zauna a bakin tabarmar Inna.

"Tsohuwa, ki gaya wa masu aiko ki, ba inda za ni sai na rubuta jarrabawa."

"To, Allah ya taimake ka, da yau na sake miji."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɓawon gyaɗa yana murzawa. "Amma ki gaya musu akwai saura. Lissafi. Shi ba zan iya gaya wa kowa da Hausa ba, don ni ma ban gane shi ba. Haddace shi na yi. Kuma in babu shi, ba jami'a."

Inna ta ce, "Wannan kuma ya fi ƙarfin aurenmu."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban ce da Inna ba, ban ce da ƙanwarsa ba. Na ce, "Na ji."

Ya ɗaga kai ya dube ni, ya yi sauri ya mayar ƙasa.

Akwai wani malamin lissafi da aka kawo makarantar garin da ke kusa da mu, yana zaune da iyalinsa a bayan asibiti. Ban san shi ba, amma na taɓa haɗuwa da matarsa a wajen suna, mun gaisa. Da Malam ya dawo daga masallaci na kai masa tuwo, na gaya masa yadda aka yi, na nemi izinin fita. Ya ce, "Ashe ku kuka ɗaure shi. Allah ya kiyaye hanya."

Da gari ya waye na gama abin kari da wuri, na ƙulla daddawa mai kyau a leda, na sa hijabina na fita tun rana ba ta yi zafi ba. Na bi ta cikin gonaki, an riga an yi sharar gona an zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Na sami matar malamin tana wanke-wanke. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, na tambayi yara, ta tambayi mutanen gida, muka taɓa zancen zafi. Sannan na tura mata ƙullin daddawar, na gyara zama, na ce mata akwai wani yaro a gidanmu.