Malam Maɓalli

Ɗana na fari malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare. Ɗalibai suna ce masa Malam Maɓalli, saboda kullum akwai maɓallan riga a aljihunsa: fari da ja a dama, fari da ja a hagu. Da su yake koyar da gadon jini. Aljihun dama uwa, na hagu uba. Ɗalibi ya rufe ido ya zaro ɗaya nan, ɗaya can. Idan ja biyu suka haɗu, sikila ke nan.

Shi ja biyu ya samu, daga ni da mahaifiyarsa. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe su toshe jijiya. Ranar da ciwon ya motsa, a zaune yake koyarwa, da gorar ruwa a gefensa.

A shekararsa ta ƙarshe a duniya ƙanwarsa, Auta, ta kawo wanda take so ta aura. Gwaji ya nuna kowannensu yana ɗauke da ja ɗaya. Goggonsu ta same mu a falo ta ce, "Ba ɗaya cikin huɗu aka ce ba? Ai na gidan nan ya riga ya fito. Saura masu lafiya."

Ɗana ya matso kusa da ita. "Goggo, zaro."

Ta zaro fari da ja. Ya karɓa ya mayar aljihu.

"Kai ɗan nema, me ya sa kake mayarwa?"

"Haka jiki yake yi, Goggo. Kowane ciki daga farko ake zarowa. Aljihu ba ya tuna abin da ya fita jiya."

Ta sake, ja biyu. Ta kuma sakewa, ja biyu.

"Wallahi maguɗi ka yi!" in ji ta. Kowa ya yi dariya, ban da Auta.

Bai ce ta rabu da saurayin ba. Cewa ya yi, "Ke za ki zauna a bakin gadon asibiti. Tambayi Umma yadda zaman yake."

Ba ta tambaya ba sai bayan rasuwarsa. Suka daɗe a ɗaki ita da mahaifiyarta. Da ta fito ta nemi maɓallan, na ciro mata su daga rigarsa ta aiki. Ta kira saurayin, suka zauna a baranda, na hango shi yana zarowa tana mayarwa. Kafin ya tafi ya shigo ya gaishe mu da ladabi. Bai sake dawowa ba.

Maɓallan kuwa Auta ta kai su makaranta, ta ba malamin da ya karɓi ajin yayanta.