Maɗacin Yaye

Ran nan Juma'a ce. Tun ana sallame asuba Inna ta shigo gidanmu da ƙoƙo a hannu. Inna mahaifiyata ce. Ta jiƙa ɓawon maɗaci ya kwana, ruwan ya yi ja kamar shayi. Ranar ce anka sa za a yaye ɗana, don mu ran Juma'a muke yaye.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana kudu da Dinder, cikin baƙar ƙasa. Dawa da riɗi muke nomawa. Kakanninmu Makka sunka nufa, sunka tsaya nan su huta, hutun ya zama zama. Shekarun nan ne samari ke ta tafiya aikin madatsar ruwa can Damazin, hilla ta rage maza. Rijiya ba mu da ita. Hafir gare mu, wani babban rami da mazanmu sunka haƙa da hannu yana tara ruwan damina. Shi muke sha har ruwa ya sake sauka.

Yaron bai cika shekara biyu ba, amma ya ishi gida. In na ɗora tukunya yana bakin murhu. In na juya ya tsoma hannu cikin randa. Kaji in sun hango shi sai su watse. Barci kuwa sai ya ɗora min ƙafa a wuya, hannu ɗaya cikin rigata. Ɗan fari ne, kuma sunan uban maigidana ya ci, saboda haka ba na kiran sunansa. Ba na masa wasa a gaban mutane. Sai gida ya yi shiru nake ɗaukarsa in shinshina kansa. Shi ma Yaya yake ce min, Inna ita ce Innarsa.

Na ce musu a bari. Wallahi na faɗa. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, na ce a jira ruwa ya sauka tukuna. Maigidana Malam Sani ya yi kamar bai ji ba. Shi ya ƙosa a yi yayen, kowace mace ta san dalili. Inna kuwa dariya ta yi min.

"Ƙato kamar wanga, da haƙora cike da baki? Ke Rabi, ba ki jin kunya? Ke ma haka na yaye ki, mi ya same ki?"

Ita ta shafa min maɗacin a nono da hannunta, duka biyun. Yaron ya farka, ya taho da gudunsa na agwagwa, ya hau cinyata, ya kama. Ya saki. Ya ɗago ya dube ni. Ya koma ɗayan, ya sake saki, ya tofar, ya kai min duka a ƙirji da ɗan hannunsa. Matan da sunka leƙo sunka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Inna ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta nufi ɗakinta da ke bakin hilla, wajen hafir. Yana ta miƙo hannu yana "Yaya, Yaya." Ni kuwa na laɓe bayan zana don kada ya gan ni, haka ake yi. Na ɗaure ƙirjina tamau da tsohon zane, na koma kan dutsen niƙa.

Akwai rigima a makon, kowa ya sani. Masu raƙuma sun sauko da dabbobinsu kamar kowace bazara. Raƙuman sunka shiga cikin hafir tsundum, sunka dama ruwan, sunka yi kashi a ciki. Wani saurayi namu ya sari raƙumi ɗaya a ƙafa. Anka yi faɗa da sanduna, anka fasa kan wani daga cikinsu, anka ɗauke shi ba ya motsi. Dattawanmu sunka kai magana wajen omda, hakimin yankinmu. Omda ya ce zai zo bayan Juma'a. Shi ke nan, maza sunka kwantar da hankalinsu. Ran nan da hantsi sunka sa fararen kaya, sunka shafa turare, sunka hau jakuna zuwa masallacin Juma'a a wata hilla. Ko sanda ɗaya ba su bar mana ba. Mata, yara da tsofaffi biyu da ba su iya hawan jaki, mu ne hillar. Masu raƙuman ma sun san ran da muke salla.

Rana ta kusa tsaka. Ina niƙa, ƙirjina yana min zogi, nono ya fara jiƙa zanen. Sai karnuka sunka fara. Daga nan kukan raƙuma, da yawa, kusa. Sai ƙarar bindiga daga wajen hafir. Ɗaya. Shiru kaɗan. Sai biyu a jere.

Na fito ƙofa. Hayaƙi ya riga ya tashi daga bakin hilla. Ɗakunanmu duk ciyawa ne, a bazara ko tartsatsi ya isa. Ina jin wutar tana ci tana ƙara kamar ana karya kara. Ana ihu da Larabci: "Amrugu! Amrugu barra!" Wato mu fita.

Mata sunka yo gudu ta wajena, kowa da nata a baya ko a hannu, sun nufi gonaki. Ni na nufi inda suke barowa. Gwaggo Hansatu maƙwabciyarmu ta cafke min hannu.

"Ke Rabi, komo! Kashe ki za su yi!"

Na cije ta. Har ta mutu tabon yana hannunta, ban kuma ba ta haƙuri ba.

Na bi ta tsakanin zanaye. Wani a kan raƙumi ya sha gabana, ya naɗe fuska da rawani, idanu kawai nake gani. Ya zuba min bulala a gadon baya. Ban tsaya ba. Ya sake zuba min. Da yana da hankali da ya ga ba hanyar tsira na nufa ba, da ya san abin da ke kai mace cikin wuta. Allah ya isa tsakanina da shi, ko waye shi, ko yana raye ko ya mutu.

Ɗakin Inna rabin jinkarsa ya rufta. Tana kwance rub da ciki a bakin ƙofa, ƙoƙon kunu ya kife a gefenta. Harsashin ta ƙirji ya shiga. Yaron yana bayanta, a ɗaure yadda ta ɗaure shi. Ciyawa mai wuta ta zubo musu, ta cinye gefen zanen, ta ƙone masa ƙafar hagu tun daga cinya har idon sawu. Ba ya kuka. Tari yake yi, fuskarsa baƙi ƙirin da hayaƙi. Inna in ta ɗaure goyo ba mai kwance shi sai ita. Na yi ta fama da ƙullin ya ƙi, sai na zaro shi ta sama. Na cire ɗankwalina na rufe mata fuska. Na kwance zanen da na ɗaure ƙirjina, na goya shi da shi. Na bar uwata a nan.

Gudun ta cikin gonakin dawa munka yi shi. An daɗe da girbi, sai tushiyar kara masu tsini. Ƙasar ta tsattsage, ƙafa na zurmawa har ƙauri. Ba takalmi. Ba wanda ya ɗauko ko tulu, hafir kuwa yana hannunsu. Ruwa mafi kusa shi ne kogin Dinder, tafiyar yini ga mai goyo. A bayanmu ƙarar bindigar ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Sai kukan yara da hakin manya.

Da azahar munka tsaya gindin wata aduwa. Na sauke shi. Leɓunansa sun bushe sun yi fari. Ya buɗe ido ya ce, "Moya." Ruwa ke nan, da bakin Larabawa, haka ya koya wajen yaran hilla. Ya sake cewa, "Moya."

Ruwa babu, amma nono kamar ya fasa min ƙirji. Na wanke shi da yawu. Na tatsa na wanke da shi kansa nonon. Na goge da bakin zane har fata ta saɓule. Na lasa da yatsa, ba ɗaci ko kaɗan. Na kai masa baki. Ya shinshina, ya damƙe leɓe, ya kau da kai.

"A'a."

Na juya shi ɗayan. A'a. Na lallashe shi. Na yi masa 'yar waƙar da nake masa in ba kowa, a gaban kowa na yi ta, kunya ta ƙare. Na tatsa a tafin hannu na miƙa masa, ya ture. Na danne shi, na toshe masa hanci, na matsa masa a baki. Ya shaƙe, ya yi tari, ya amayar da ɗan kunun da Inna ta ba shi, duk da baƙin hayaƙi a ciki. Wata mai jego ta karɓe shi ta gwada nata, ya ƙi. Ya fara neman Inna, yana waige-waige yana kiranta.

Sai wata tsohuwa a cikinmu ta ce, "Ai yaye ya kama shi." A hankali ta faɗa, yadda ake faɗa in an zo barka. Da ina da abu a hannu da na jefe ta. Yaye ya kama. To ya kama ɗin, Inna ta iya aikinta. Yaro ya zo wajen uwarsa da safe ya sha ɗaci, anka yi masa dariya, ya kira ta ta ɓuya. Don me zai sake yarda da ita?

Munka tashi. Ƙunar ƙafarsa ta kumbura ta yi ruwa, in zanen ya goge ta sai ya zabura. Na mayar da shi gaba na rungume, hannu ya gaji na mayar da shi baya. Yana ta "moya," muryar tana ƙanƙancewa. Rigata ta jiƙe sharkaf da nono, ƙudaje na bina.

Kafin la'asar munka haɗu da mazan a hanya, sun hango hayaƙi sun yo sukuwa. Fararen kayansu tas, ƙamshin turare na tashi. Butocinsu duk babu ruwa, sun yi alwala da shi. Malam Sani ya diro yana salati, ya ce, "Ina Inna?" Ya miƙo hannu zai taɓa yaron, na juya masa baya. Ya ba ni jakinsa na hau. Ban yi masa magana ba sai bayan damina.

A kan jakin ne na ji goyon ya sake. Uwa ta san nauyin barci, ta kuma san wancan nauyin. Kansa ya zame daga tsakiyar bayana ya koma gefe. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙara ɗaure zanen, na ci gaba da zungurar jakin.

Rana ta yi ja munka isa kogin. A bazara Dinder yashi ne, sai an tona. Mata sunka durƙusa suna tono da hannu, ruwa ya ɓuɓɓugo, yara sunka kifa kai suna sha kamar awaki. Na sauke shi a kan yashi. Na ɗebo a tafina na zuba masa a baki. Ya gangaro ta gefen kumatu. Da ruwan nan anka yi masa wanka. Anka yagi rigar Juma'ar ubansa anka yi likkafani.

Omda ya zo daga baya, da bolis, wato 'yan sanda, a mota. Sunka zagaya toka. Anka zauna anka yi sulhu, maza da maza. Anka yi maganar mutuminsu da anka fasa wa kai, anka yi maganar Inna da tsofaffin nan biyu da sunka mutu a hillar, har raƙumin da anka sara sai da anka ambace shi. Da anka zo kan yaron sai omda ya ce ai wannan ba harsashi ne ya same shi ba, zafin hanya ne. Mazanmu sunka sunkuyar da kai, anka shafa fatiha. Ni ba wanda ya tambaye ni komai.

Nonon bai san an mutu ba. Ya yi ta zuwa. In na ji kukan ɗan wata sai ya zubo. Mata sunka ce in sake ɗaurewa, na ce duk wadda ta kawo min zane sai na shaƙe ta da shi. Na bar shi yana zuba har ya gaji don kansa.

Ba mu koma hillar ba. Wad Haddad munka gangara, munka shiga tsintar auduga a gonakin mutane. Na haifi wasu a can. Ba wanda na shafa wa maɗaci. Kowane ya sha har ya bari don kansa, ana ta zunɗena a bakin ruwa, na ce a yi ta yi. Har yanzu ina jin haushin Inna. Ina yi mata addu'a, ina jin haushinta, duka biyun a salla ɗaya.

Na bar ɗaki, da dutsen niƙa, da rumbun dawa, da uwata a bakin ƙofa. Shi kuwa yana gaɓar Dinder, inda ruwa ke hawa duk damina, ko alama babu. Magana huɗu ya iya a duniya: Yaya, Inna, moya, a'a. Duk ya faɗe su a ran nan.

Sunansa Usmanu. Bai taɓa ji daga bakina ba.