Barkonon Orlinda

Celestino Maestas ya yi ƙuruciyarsa yana awon dusar ƙanƙara a duwatsun arewacin New Mexico. Duk ƙarshen hunturu sai ya hau da bututun ƙarfe, ya soka shi cikin ƙanƙarar har ƙasa, ya ɗora a sikeli, ya san ruwan da ke kwance a wurin. In ya sauko, manoman ƙauye na jiransa a bakin coci, kowa na son jin ko magudanar da ke kawo ruwan dutsen gonakinsu za ta kai su kaka. Allah sarki, a zamanin nan dutse ba ya saɓa alkawari sosai.

Gwiwa ta ajiye shi, sannan matarsa Orlinda ta rasu. Abin da ta bari mai daraja a wurinsa shi ne irin barkonon da ta gada wajen kakarta, cikin kwalbar zuma. Fari ya hana shi shukawa shekara da shekaru, iri kuwa ba ya jiran kowa, yana mutuwa a kwalba. In ya shuka ruwa ya yanke, irin ya ƙare. In ya ajiye, ya ƙare. Wannan ne ya hana tsohon sukuni.

'Yarsa Delfina ta gaji sana'ar, amma a birni, inda take lissafin ruwan duwatsun jihohi da kwamfuta. Ranar gayyar yashe magudana ta zo gida, ya tare ta tun ba ta ajiye jaka ba.

"To, malamar ƙanƙara, bana akwai ruwa ko babu?"

"Baba, zai iya isa, zai iya yankewa a Yuni."

"Kai! Wannan ai ko jakin maƙwabcinmu Eloy zai faɗa mini, bai kuwa je jami'a ba."

Ta yi dariya. "Na'urorinmu 'yan ƙalilan ne, dutse kuwa ba iyaka. Iska ta kwashe ƙanƙara daga nan ta jibge can, itatuwa su ɓoye wata, ƙura ta sauka ta narkar da ita da wuri. Busasshiyar ƙasa kuma sai ta sha nata kafin rafi ya gani. Kai ma da bututunka rami nawa ka soka?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ta roƙe shi ya ƙara haƙurin shekara guda. Yana ganin ƙeyar motarta ya shuke irin da ke kwalbar kaf a gonarsa.

Ruwa ya yanke daidai lokacin fure. Tsoho mai ciwon gwiwa ya koma jido da bokiti daga rijiyar gida, yana tafe yana mita, yana kiran sunan Orlinda kamar ita ta aike shi. Yawancin tsiron sun bushe, ya yi kuka a kansu ba kunya.

Da kaka Delfina ta dawo, ta tarar da jan barkono rataye a bakin ƙofa, zaren bai fi taƙi ɗaya ba. Ta shafa shi, hawaye ya cika mata ido.

"Baba, ta yaya ka san zai yi?"

"Ban sani ba, 'yar nan," in ji shi, yana miƙa mata kwalbar da sabon iri a ciki. "Uwarki ma ba ta taɓa sani ba. Shukawa kawai take yi."